Babban karatun koyar da Ingilishi: wane aiki ne yake jiran ƴaƴanmu bayan mastar?

Tun daga watan Maris na shekarar 2025 wata magana ta shiga bakin ɗalibai da iyayensu a ƙasar Nijar, wai lokacin Ingilishi ya zo. A gundumomin Tasawa da Mayahi maganar ta kai har cikin gidaje. Saurayi ko budurwa da suka gama shekara uku a jami'a suna komowa gida su ce wa iyaye suna son ƙarin shekara biyu, domin su sami takardar da ake kira mastar a fannin koyar da Ingilishi. Sau da yawa kuɗin wannan karatu yana fitowa ne daga rumbu, ko daga turke, ko daga jinginar gona.

Da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi sun koyi karatu da rubutu ne bayan sun girma. Sun san darajar ilimi fiye da kowa, domin sun ɗanɗana rashinsa. Saboda haka ba su son hana ɗa ci gaba. Amma haƙƙinsu ne su san abin da za su saya da dukiyarsu. Za mu bayyana abin da ya canza a ƙasa, da ma'anar wannan karatu, da ayyukan da ake samu bayansa, da tambayoyin da ya kamata iyali su yi kafin su yanke shawara.

Abin da ya canza a shekarar 2025

Tun samun ƴancin kai a 1960, Faransanci ne harshen gwamnati a Nijar. Tsarin mulki na 2010 ma haka ya tanada. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, an yi babban taron ƙasa a Yamai a watan Fabrairu na 2025. A watan Maris na wannan shekara Nijar ta sanar da ficewarta daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci. A ranar 26 ga watan, Janar Abdurahamane Tiani ya ƙaddamar da kundin sake gina ƙasa, wanda ya maye gurbin tsarin mulki. Kundin ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma su ne harsunan aiki.

Harshen aiki shi ne wanda aka yarda a rubuta takardun ofis da shi, a yi taro da shi, a yi hulɗa da ƙasashen waje da shi. A da Ingilishi darasi ne kawai a cikin darussan makaranta. Yanzu doka ta ajiye shi kafaɗa da kafaɗa da Faransanci. Maƙwabta ma sun bi irin wannan hanya. Mali ta mai da Faransanci harshen aiki a tsarin mulkinta na 2023, Burkina Faso kuma ta sa Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki a gyaran da ta yi a ƙarshen 2023.

Wannan canji na gaske ne, kuma shi ya sa matasa suke ɗoki. Sai dai Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba ne. Mafi yawan ma'aikatan ƙasar nan da Faransanci suka yi karatu, littattafan makaranta da takardun ofis da shi aka rubuta su. Doka tana fita a rana ɗaya, amma horar da malamai da buga littattafai da ware albashi suna cin shekaru. Wanda zai zuba dukiyarsa a kan wannan karatu sai ya auna da ayyukan da suke akwai a ƙasa, kada ya auna da waɗanda ake fata.

Mene ne mastar ɗin koyar da Ingilishi?

Jami'o'in Nijar suna bin tsari mai hawa uku. Bayan an ci jarrabawar bak, ana yin shekara 3 a sami lisansi. Ana ƙara shekara 2 a sami mastar. Wanda ya ƙara aƙalla shekara 3 yana bincike ya sami digirin dakta.

Mu lissafa tafiyar tun daga farko. Firamare shekara 6, kwaleji shekara 4, lise shekara 3, lisansi shekara 3, mastar shekara 2. Jimla shekara 18. Yaron da aka sa lakwal yana da shekara 7, in bai maimaita aji ko ɗaya ba, kuma yajin aiki bai ci masa shekara ba, zai riƙe mastar yana da shekara 25. Bayan haka akwai bautar ƙasa ta shekara 2 ga mai neman aikin gwamnati, in bai riga ya yi ta ba.

Jin harshe daban, iya koyar da shi daban. Dukanmu muna jin Hausa, amma mai ajin yaƙi da jahilci ya san cewa koya wa dattijo bambancin "k" da "ƙ" yana bukatar dabara. Haka Ingilishi yake. A wannan karatu ɗalibi yana koyon yadda mutum yake kama harshen da ba na uwarsa ba, da yadda ake furta sautuka, da yadda ake tsara darasi ga aji mai yara da yawa da littattafai kaɗan, da yadda ake shirya jarrabawa mai adalci. Yana nazarin wuraren da Bahaushe yake tuntuɓe, kamar rarrabe sautin "p" da "f". A ƙarshe yana rubuta littafin bincike ya kare shi a gaban malamai. Wanda ya yi karatun da gaske yana iya koyar da yara, yana kuma iya koyar da malaman da za su koyar da yara. Wannan na biyu shi ne babban amfanin takardar, kuma za mu komo kansa.

Inda ake yin karatun

A cikin ƙasa, babbar cibiya ita ce Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai. Tana da sashen Ingilishi, tana kuma da babbar makarantar horar da malamai da ake kira ENS, wadda take horar da malaman kwaleji da na lise, da masu ba malamai shawara, da sufetocin makarantu. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi, wadda ta fi kusa da mu, ta fi ƙarfi ne a fannin kimiyya da noma da lafiya. Don haka ɗan Tasawa ko Mayahi mai son wannan fanni yawanci sai ya yi nisa da gida, ya biya haya da abinci a birni.

A waje, Najeriya ce mafi kusa: Jami'ar Bayero ta Kano, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, Jami'ar Umaru Musa Ƴar'aduwa ta Katsina. Amfanin zuwa can shi ne da Ingilishi ake koyar da kome. Amma a lura, a waɗannan birane Hausa ake yi a kasuwa da masallaci da gidan haya, don haka ɗalibin da bai matsa wa kansa ba yana iya komowa da takarda ba tare da bakinsa ya buɗe ba. Wasu suna zaɓen Gana saboda wannan dalili, sai dai tsada ta fi yawa. A tuna kuma cewa an rufe iyakar Nijar da Najeriya daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024, kuma ɗalibai da yawa sun sha wahala a lokacin. Duk takardar da aka samo a waje sai hukumar ilimi mai zurfi ta Nijar ta tantance ta kafin ta yi amfani wajen neman aikin gwamnati.

Ƙofa ta farko: ajin gwamnati

Wannan ita ce ƙofa mafi faɗi, kuma mafi yawan masu wannan takarda ta nan suke shiga. Ana koyar da Ingilishi tun daga ajin farko na kwaleji har zuwa ƙarshen lise, kuma yana cikin jarrabawar BEPC da ta bak. Ƙidayar 2012 ta nuna cewa Tasawa da Mayahi kowace tana da mutane fiye da rabin miliyan, kuma yawancinsu yara ne da matasa. An buɗe kwalejoji a garuruwan karkara da dama, daga Korgom da Maijirgi da Urafan har zuwa Kanembakashe da Sarkin Hausa da Gidan Amumun. Kowace kwaleji tana bukatar malamin Ingilishi. Bukata kam akwai ta, kuma za ta daɗe.

Amma bukata ba ita ce albashi ba. Tun 1998 Nijar ta fara ɗaukar malamai ƴan sa-kai, waɗanda daga baya suka zama ƴan kwantiragi, har suka fi malamai masu lambar aikin gwamnati yawa. Ɗan kwantiragi yana karɓar abin da bai kai albashin cikakken ma'aikaci ba, kuma jinkirin biya ya sha jawo yajin aiki a shekarun baya. Matashi mai lisansi yana iya shiga aji ta hanyar bautar ƙasa ko kwantiragi ba tare da mastar ba. Mai mastar ɗin da bai sami lambar aiki ba yana iya samun kansa a ɗaki ɗaya da shi, suna karɓar abin da bai bambanta sosai ba.

Amfanin mastar yana bayyana ne daga baya. In an ɗauki mutum cikakken aiki, babbar takarda tana sa shi a mataki mafi girma. Tana kuma taimaka masa wajen gasar zama mai ba malamai shawara ko sufeto. Shi ya sa malamin da ya riga ya shekara yana koyarwa ya fi cin moriyar wannan karatu a kan wanda bai taɓa riƙe alli ba. Ya san matsalar aji, ya san abin da zai je nema. Sai dai ma'aikacin da zai koma karatu ya nemi izinin ma'aikatarsa a rubuce kafin ya tafi, domin takardar da aka samo ba tare da izini ba tana iya rasa tasiri wajen ƙarin matsayi.

Ƙofa ta biyu: makarantun kuɗi da darasin yamma

A Yamai da Maraɗi da Damagaram makarantu masu zaman kansu suna da yawa, kuma wasu suna jawo iyaye da alkawarin koyar da Ingilishi tun daga ƙananan azuzuwa. Akwai kuma manya, ƴan kasuwa da ma'aikata, masu neman darasin yamma. Malami mai suna yana iya haɗa awoyi a makarantu biyu ko uku ya rufa wa kansa asiri. Amma yawanci da awa ake biya, ba a biyan watannin hutu, babu kuma fansho. A nan suna ya fi takarda aiki, domin iyaye suna duban yadda ɗaliban malami suke cin jarrabawa. A ƙauyukanmu wannan ƙofa ƙarama ce ƙwarai, saboda manomi da ƙyar yake sayen littafi da alƙalami, balle ya biya darasi na musamman.

Ƙofa ta uku: jami'a

Matasa da yawa suna zaton mastar tana mai da mutum malamin jami'a. Abin da ta fi bayarwa shi ne damar koyar da wasu awoyi a matsayin malamin haya. Cikakken matsayi da hawa mataki suna bukatar digirin dakta da rubuce-rubucen bincike, kuma hukumar CAMES mai mazauni a Wagadugu ce take auna malaman jami'o'in ƙasashenmu. Ɗaliban likitanci da noma da injiniya duka suna bukatar Ingilishi domin karanta littattafan fanninsu, don haka jami'o'in Maraɗi da Damagaram da Tawa da sauransu suna neman mai koyar da shi. A Maraɗi kuma akwai Jami'ar Maryam Abacha, mai zaman kanta, wadda aka kafa a 2013, inda ake karatu da Ingilishi. Gurabe suna nan, amma kaɗan ne, kuma mai nufin wannan ƙofa ya san cewa bayan shekara 2 akwai wasu shekaru a gabansa.

Ƙofa ta huɗu: ƙungiyoyin agaji da ayyukan raya karkara

Mutanen jihar Maraɗi sun daɗe da sanin waɗannan ƙungiyoyi. A nan ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a 1991. A lokacin ƙarancin abinci na 2005 ƙungiyoyi da yawa suka sauka a jihar, suka buɗe cibiyoyin kula da yara masu tamowa, har a Tasawa da Mayahi. Matasan da suke jin Ingilishi sun sami aiki mai tsoka a wancan lokaci, kuma har yanzu ana ba da labarinsu. Wannan labari shi ne yake ruɗin wasu.

Zamani ya juya. Ƴan sa-kan Amurka na Peace Corps, waɗanda suka fara zuwa Nijar a 1962 a matsayin malaman Ingilishi, sun bar ƙasar a Janairun 2011. Bayan juyin mulkin 2023 ƙasashe da dama sun dakatar da taimakonsu. A ƙarshen 2024 da farkon 2025 gwamnati ta janye izinin aikin wasu ƙungiyoyi. A 2025 kuma Amurka ta rushe hukumarta ta ba da taimako, USAID, ayyuka da yawa suka tsaya a faɗin Afirka. Guraben sun ragu, masu nema sun ƙaru.

Akwai wani abin lura kuma. Waɗannan ƙungiyoyi ba malamin Ingilishi suke nema ba. Suna neman akawu, ko malamin asibiti, ko masanin noma, ko mai kula da kaya, wanda kuma yake iya rubuta rahoto da Ingilishi. Harshen ƙari ne a kan sana'a. Matashin da burinsa aikin ƙungiya ne zai fi amfana in ya koyi lissafin kuɗi ko sarrafa kwamfuta ko tafiyar da ayyuka, ya haɗa da Ingilishin da ya samu a lisansi.

Ƙofa ta biyar: kasuwanci da tafinta

Arzikin jiharmu yana haɗe da Najeriya. Wake da riɗi da aya da dabbobi suna gangarawa kudu, kayan masarufi suna hauro arewa ta Jibiya da Ɗan Isa da sauran hanyoyi. A watan Fabrairu na 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284. Saboda haka wasu suna cewa wanda ya iya Ingilishi ya riƙe mabuɗin kasuwa.

A nan ma sai a yi hattara. Ɗan kasuwar Mayahi da na Katsina da Hausa suke ciniki, ba su bukatar tafinta. Inda Ingilishi yake shigowa shi ne takarda: takardun kwastan na Najeriya, yarjejeniyar ciniki, saƙonnin banki, bayanin magani da na taki, da wasiƙun masu sayo kaya daga Dubai ko Sin ko Indiya. Kamfanonin man fetur ma, tun daga matatar Damagaram da aka buɗe a 2011 har zuwa bututun da ya tashi daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, suna bukatar masu fassara tsakanin baƙin ma'aikata da ƴan ƙasa. Aiki ne mai kyau ga wanda ya ƙware, amma ba kullum ake samunsa ba, kuma yana bukatar sanin kalmomin doka da na ciniki da na injuna, waɗanda ba a koyar da su a darasin koyarwa.

Ana kuma maganar koyarwa da fassara ta intanet. Gaskiya ne kamfanonin waje suna neman masu fassara tsakanin Hausa da Ingilishi, kuma tun 2013 Google ya sa Hausa a cikin na'urarsa ta fassara. Amma wannan aiki yana son wutar lantarki da layi mai ƙarfi da hanyar karɓar kuɗi daga waje. Mazaunin birni yana iya gwadawa a matsayin ƙari. Kada iyali su dogara da shi wajen lissafi.

Jarin da ƴaƴanmu suke da shi

Ɗan Tasawa ko Mayahi ba zai fi ɗan Gana ko ɗan Legas Ingilishi ba, ɗan Gana kuma ba ya jin Faransanci da Hausa kamar shi. Ƙarfin ɗanmu yana cikin haɗuwar harsunan uku, waɗanda su ne kundin 2025 ya ambata a matsayin harshen ƙasa da harsunan aiki. In gwamnati ta soma fitar da dokoki da sanarwa da littattafai cikin harsunan nan, za a nemi wanda zai iya ɗaukar magana daga ɗaya ya sauke ta cikin ɗaya ba tare da ta zube ba.

Abin mamaki shi ne, da yawa daga cikin masu manyan takardu ba su iya rubuta Hausa daidai ba. Nijar ta buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram tun 1973, an kuma tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa a 1999, amma yawancin yara ba su bi ta waɗannan makarantu ba. Uwar da ta yi ajin yaƙi da jahilci tana iya fin ɗanta mai lisansi sanin inda ake sa "ɗ" da "ƴ". Ɗalibin Ingilishi mai hangen nesa ya zauna ya koyi rubutun harshensa. Ba ya cin kuɗi, kuma yana iya zama abin da zai bambanta shi da abokan gasa.

Darasi daga ƙasar Ruwanda

Ruwanda ƙasa ce a tsakiyar Afirka wadda makarantunta suka daɗe suna amfani da Faransanci. A 2008 gwamnatinta ta yanke cewa Ingilishi ne zai zama harshen koyarwa. Yawancin malamai ba su iya shi ba. Sai aka shiga ba su horon gaggawa, aka ɗauko masu horarwa daga maƙwabta irin su Yuganda da Kenya. A 2011 aka mai da azuzuwa uku na farko zuwa harshen gida, a 2019 aka sake komawa Ingilishi. Shekaru fiye da goma ana gyara.

Nijar ba ta ce za ta bi sawun Ruwanda ba, amma akwai abu biyu da za mu ɗauka. Na farko, sauya harshe aiki ne mai tsawo, mai gaba da baya. Na biyu, ranar da ƙasa ta tashi yinsa da gaske, waɗanda ake fara nema su ne masu horar da malamai da masu rubuta littattafai. Wannan shi ne ainihin aikin mai mastar ɗin koyar da Ingilishi. In ranar ta zo, wanda ya haɗa takarda da shekarun koyarwa shi ne zai kasance a gaba.

Alamomin da za a sa wa ido

Mai sauraron rediyo yana iya gane ko doka ta fara zama aiki ta waɗannan alamomi:

1. An ƙara awoyin Ingilishi a kwaleji da lise, ko an shigar da shi firamare, kamar yadda Aljeriya ta yi a 2022.
2. An yi sanarwar gasar ɗaukar malamai, aka faɗi yawan guraben Ingilishi.
3. An ba ƴan kwantiragi lambar aiki da yawa.
4. An kira malamai horo, an raba sababbin littattafai har makarantun karkara.
5. Ofisoshin gwamnati sun fara neman masu fassara.

In aka ga biyu ko uku daga cikin waɗannan, ƙofa ta fara buɗewa. In jawabi kawai ake ji, sai a ci gaba da haƙuri.

Maganar ƴaƴa mata

Jihar Maraɗi tana cikin wuraren da aka fi aurar da yara mata da wuri, kuma kaɗan ne suke kai wa lise. A Disamban 2017 gwamnati ta fitar da dokar kare karatun yarinya har ta kai shekara 16. Yarinyar da ta kai lisansi daga ƙauyukanmu ta tsallake shinge da yawa. Malama a kwalejin karkara tana sa iyaye su saki jiki su bar ƴaƴansu mata a makaranta, kuma aikin koyarwa yana tafiya da zaman aure. In a gida akwai ɗa da ɗiya masu son ƙarin karatu, a auna su da ma'auni ɗaya, wato ƙoƙari da manufa. In akwai maganar aure, a tattauna karatun da dangin miji tun kafin a ɗaura, domin kada a biya shekara ɗaya a bar ta biyu.

Tambayoyi bakwai kafin a kwance bakin jaka

Ba a fafe gora ranar tafiya. Uba da uwa su zaunar da ɗansu ko ɗiyarsu, in da hali a gayyato wani tsohon malami, a yi waɗannan tambayoyi:

1. Wace ƙofa kake nufi bayan karatun? Wanda ya ce "kowace ta samu" bai shirya ba tukuna.
2. Ka taɓa koyarwa? In bai taɓa ba, ya fara da bautar ƙasa ko wata makaranta, ya ga ko zuciyarsa tana son aji.
3. Gwamnati ta yarda da makarantar da takardarta? A ga shaida a rubuce, kada a tsaya ga tallar rediyo.
4. Nawa ne kuɗin shekara biyun gaba ɗaya? A rubuta kuɗin rajista, haya, abinci, mota, littattafai, kwamfuta, magani, da buga littafin bincike. A ƙara wani abu saboda jinkiri, domin sau da yawa shekara biyu tana zama uku.
5. An nemi tallafi? Hukumar ANAB ce take kula da tallafin karatu na gwamnati. A tambayi sharuɗɗanta kafin a taɓa dukiyar gida.
6. Waɗanda suka gama wannan karatu a makarantar, ina suke yanzu? A nemi biyu ko uku a ji daga bakinsu.
7. In aiki bai samu ba har shekara biyu, da me gida zai rayu?

Shawara

Mastar ɗin koyar da Ingilishi karatu ne mai daraja, kuma ƙasa za ta bukaci masu shi. Ya fi dacewa da wanda yake son koyarwa, ya riga ya gwada ta, kuma yana da hanyar biyan kuɗin ba tare da ya karya gida ba. Ga irin wannan mutum, takardar tsani ce zuwa horar da malamai da sufetanci da jami'a. Wanda yake ganinta a matsayin hanyar gudun alli zuwa ofis mai sanyi ko ƙasar waje, akwai alamar zai sha mamaki.

Abin da ake iya mayarwa, kamar rago ko buhun wake ko ribar adashe, ana iya sa shi a karatun ɗa in an yi shawara. Gona kuwa ita ce abincin gida duka, har da ƙannen da ba su gama firamare ba, kuma a ƙasar Tasawa da Mayahi wanda ya sayar da gona da wuya ya sake samun irinta. Jami'a ba ta tashi. Wanda ya koyar shekara biyu ko uku, ya tara nasa, ya gyara Hausarsa da Faransancinsa, zai shiga mastar da ido buɗe, ya fito ya san inda ya dosa. Allah ya sa wa karatun ƴaƴanmu albarka, ya ba iyaye ikon zaɓen abin da ya fi alheri.